Jan Ƙyallen da Ban Ɗaura Ba

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan shafi. Daga Lafiya nake rubutowa, a sakaya sunana. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, ni ma na zagi kaina ya ishe ni.

Ina aiki a wani injin casar shinkafa. Mu biyu ke kula da babban injin, ni da safe, wani dattijo da zan kira Baba Akolo da yamma. Ya riga ni zuwa da shekara goma sha ɗaya. Tsarinsa shi ne in injin na da matsala a ɗaura jan ƙyalle a hannun tayarwa, kowa ya gani ya san ba a taɓawa. Da na zo da takardar makarantar koyon sana'a, sai na sa Manaja ya kawo littafin miƙa aiki, mai tashi ya rubuta halin injin, mai karɓa ya karanta ya sa hannu. A satin farko Baba ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba, Oga bai sani ba. Kai dai ka riƙa karanta mini." Na riƙa karanta masa, yana zana sunansa da ya haddace. Shekara uku ba wanda ya ji.

Sai injin ya fara wata ƙara. Na ce baƙin mai ne ba ya zagayawa, ya ce bel ne. In na saita abu da safe, ya kwance da yamma. In na yi bayani ya ce ya gane, gobe in tarar ya ƙara ɗaure bel. Rannan a gaban mata masu kawo shinkafa shanshera ya ce, "Injin nan na san shi tun kana primary, takarda ba ya jin ƙara." Suka yi dariya. Ni kuwa ina da zuciya, daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar Talata na tsiyaye man kaf don in canza filta in nuna masa nawa ne daidai. Filtar da ke sito ba ta shiga ba, lokacin tashina ya yi. Na rubuta a littafi da manyan baƙaƙe cewa babu mai, kada a tayar. Na ɗauko jan ƙyallen, na tsaya, sai na cusa shi a aljihu. Raina ya ce tunda takarda ba ta da amfani, bari ya zo ya roƙe ni in karanta masa. Wane irin tunani ne wannan? A bakin ƙofa muka yi kiciɓis yana tura kekensa, na ce sannu Baba, na wuce kasuwa neman filta. Wallahi na zaci zai duba mai kafin ya tayar. Bai duba ba, don bai ga ƙyalle ba. Minti kaɗan injin ya yi nokin, ya lalace.

Manaja ya buɗe littafi a gabanmu, ga rubutuna, ga sa hannun Baba a ƙasa. Ya ce, "Baba Akolo, ka karanta ko ba ka karanta ba?" Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Na karanta, Oga. Mantuwa ne." An ce ƙarshen wata zai ajiye aiki, ni kuma har yaba mini aka yi wai ina bin ƙa'ida.

Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya, abinci ma sai in tura. Mutumin da ke da 'ya'ya shida a Kwandere, ina zai nufa da furfurarsa? In na yi magana, na tona asirin da ya zaɓi kora a kan a sani, kuma nawa aikin ma ya tafi. In na yi shiru, da wane ido zan riƙa shiga ɗakin injin?

Jiya ya zo ya fara kwashe kayansa, ya miƙo mini doya biyu ya ce, "Matana ya ce in kawo maka." Sannan ya ce, "Ɗana, ƙyallen nan, iska ne ya ɗauke ko?" Na ce wataƙila. Ya ce, "To, na san kai ba za ka bar ni ba."

Ƙyallen yana cikin akwatina, ƙarƙashin takardar makarantata. Saura kwana tara wata ya ƙare. Jama'a, me zan yi?