Rantsuwar Elkana

Kentucky, 9 ga Agusta, 1863

Zuwa ga ƙanwata Drusilla,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Obed da yara can Oregon. Ubangiji ya ƙara muku lafiya. Mu nan jiki kalau, amma zama ya gagare ni, tun Litinin nake shiga ina fita kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Babban ɗana Lemuel yana cikin sojan Arewa a wannan yaƙin basasa, ya aiko takarda. Auta Asa kuwa, tun da ya bi 'yan tawayen Kudu shiru kike ji.

Zaɓen gwamna da aka yi ranar Litinin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san yadda muke yi, mutum ya tsaya bakin taga ya faɗi sunan gwaninsa da ƙarfi kowa na ji. To bana ga soja da bindiga, kuma wanda aka yi shakkarsa sai ya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse bai taɓa taimakon ɗan tawaye ba. Ana ta raɗe-raɗin wanda ya ƙi, dawakinsa za a fara kwashewa, ga girbi ya matso. Gaba kura baya siyaki.

Na roƙi maigidana Elkana ya zauna gida a ce ba shi da lafiya. Ya ce shekara talatin bai taɓa fashin zaɓe ba, ba zai fara da ƙarya ba. Taurin kai! Mutumin da ko a cinikin alfadari ba ya ɓoye aibu. Alhali shi da hannunsa ya ɗaura wa Asa sirdi, ya cusa masa gurasar masara a jaka. Maƙwabcinmu Tobias, da ya gani da idonsa, shi ya ɗaga murya a wurin zaɓe ya ce a rantsar da Elkana, wai mai gaskiya ba ya tsoron Littafi. Munafuki!

Drusilla, ya rantse. Dawakinmu suna nan. Amma kwana shida ke nan in mun zauna cin abinci sai ya sunkuyar da kai, bakinsa ya ƙi buɗewa, ni nake sa albarka, abin da shi ke yi tun ranar aurenmu. Jiya ya ce in ɗauke Littafin daga kan tebur. Ina jin tsoro ƙwarai. Don Allah Obed ya rubuto masa, yana jin maganarsa.

Ki gaida Obed, da takwarata Permelia, da ƙaramin Silas. Ku sa Elkana a addu'a, don shi ya daina yi wa kansa.

Taki yayarki,
Permelia