Hular da Ta Tafi Roni

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

A yau an gabatar wa majalisar gidan nan, wadda ni ne shugabanta, uwargidana Hajiya Tasalla kuma mai yanke hukunci, wani ƙuduri mai haɗari. Maƙwabciyarmu Malama Martina, malamar firamare, ta shigo da batun sansanin hutu da malamai suka shirya wa yara a wata makaranta a Roni. Mako biyu, a can za a kwana, ba iyaye, ba waya. Tana so jikata Bahijja ta bi 'yarta Purity.

Na gyara zama na fahimtar da ita cewa ni, Muhammadu Lawal, da na tsufa ina shugabantar makarantu, na kuma karanta masana tarbiyya na Gabas da na Yamma har idona ya nemi gilashi, ban ga abin da duwatsun Roni za su koya wa yarinya wanda kantar littattafaina ta gaza ba. Ta saurara da ladabi har na kai aya, sannan ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Sai dai littafi ba ya 'yar gala-gala."

Ta juya ta tambayi Bahijja ko za ta je. Na amsa cewa Bahijja tana godiya, za ta yi tunani.

"Malam," in ji Hajiya, "kai ma za ka ne?"

Alhamis, 7 ga Agusta

Wajibi ne in rubuta dalilina, saboda tarihi.

Tun da Allah Ya karɓi ran 'yata Ma'u bara, yarinyar nan ta daina magana sai wadda ta zama dole. To. A'a. Na ƙoshi. Da can kuwa ita ce mai fizge mini hula ta ruga tsakar gida tana kirana Tsoho Mai Dogon Bayani, kamar yadda al'ada ta ba jika iko a kan kakanta, ni kuma ina binta da barazanar kai ta gaban alƙali. Yanzu durƙusawa take yi har ƙasa ta gaishe ni, kamar wani baƙo daga Babura. Ban taɓa sanin ladabi yana yi wa mutum ciwo haka ba.

Idan baƙi suka tambaye ta wani abu, nakan amsa mata, don kada shirun ya yi mata nauyi. Wannan ba katsalandan ba ne, hidima ce. To wa zai yi mata wannan hidimar a Roni?

Lahadi, 10 ga Agusta

Majalisa ta sake zama. Na kawo hujjojin sauro, da ruwan sama, da macizan duwatsu, da waken da ba a tsince shi da kyau ba. Hajiya ta saurare su ɗaya bayan ɗaya tana ninke kayan yarinyar cikin jaka. Uban Bahijja ya kira daga Kano ya ce ya amince. An kayar da ni ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba, kamar yadda aka saba yi wa manyan masu hangen nesa a tarihi.

Litinin, 11 ga Agusta

Sun tafi. Na tanadi jawabin bankwana, amma direba, mutum marar ɗanɗanon adabi, ya danna hon ina tsakiyar gabatarwa. Bahijja na gefen taga, ta rungume jakarta, Purity na ta zuba mata surutu a kunne. Ta ɗago mini hannu kaɗan, iyakar kafaɗa.

Da na dawo gida sai na tarar da bala'i na biyu. Tsohuwar hulata mai ruwan toka, wadda na yi ritaya da ita a kai, ta ɓace daga kan ƙusarta. Haka ma tsohon gilashina da idonsa ɗaya ya fita.

Laraba, 13 ga Agusta

Na kafa kwamitin bincike na mutum ɗaya. Sama'ilu mai wanki ya rantse bai ga hular ba, ya ƙara da cewa da ya gan ta da ya wanke ta tuntuni, maganar da na ɗauka a matsayin raini. Hajiya ta ce, "Wa zai saci hular da ko ɓera ya raina?"

Wani abu da masana ba su yi bayaninsa ba: yarinyar da ba ta magana ce ta tafi, amma shirun gidan ƙaruwa ya yi.

Asabar, 16 ga Agusta

Na je Roni. Ba don komai ba sai don in duba yanayin damina a yankin, kuma tunda hanya ta biyo da ni ta makarantar, na riƙe ƙuli-ƙuli da dambun nama. Malama Martina ta tare ni a bakin ƙofa, tana dariya tun daga nesa. Ta ce doka ce, ko uban mai makarantar ba ya shiga. Na tambaye ta ko Bahijja na cin abinci, ta ce har da ƙari. Na tambaye ta ko tana magana. Ta karɓi ƙullin hannuna, ta ce, "Baba, ku dai zo ranar rufewa."

Na juya da mutuncina. Sai dai katangar makarantar gajeriya ce ta wajen gabas, wannan kuwa laifin magina ne, ba nawa ba. Na hango yara suna dashen itatuwa. Ga Bahijja can, taɓo har gwiwa, ita da Purity sun kama bokiti ɗaya, ruwa na zuba musu a ƙafa. Wata yarinya ta faɗi wani abu, sai na ga kafaɗun Bahijja suna rawa. Ban ji sautin ba, nisan ya yi yawa. Amma na san wannan rawar kafaɗun. Ta uwarta ce.

Na daɗe a bayan katangar nan kamar ɓarawon akuya, ni tsohon shugaban makaranta.

Da na dawo Hajiya ta ce, "Yaya daminar, ta yi ƙiba?"

Talata, 19 ga Agusta

An yi ruwa da iska. Ban sani ba ko tagar ɗakinsu na rufuwa.

Alhamis, 21 ga Agusta

Malama Martina ta aiko da roƙon in yi jawabin rufewa a kan amfanin sansanin hutu ga tarbiyyar yara. A ƙarshe dai an gane inda ilimi yake. Zan fara daga yadda magabata ke tura 'ya'yansu riƙo wurin dangi, in ratsa ta Gabas da Yamma, in sauka a Roni. Hajiya ta ce in tafi da matashin kai don masu sauraro.

Asabar, 23 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Iyaye sun cika zauren, har da mutanen unguwarmu daga Kazaure. Yara suka nuna sabulun da suka haɗa da yadda ake ɗaure wa mai rauni hannu. Sannan aka ce wasan kwaikwayo, wanda yaran suka tsara da kansu.

Sai ga wani ɗan guntun tsoho ya shigo, babbar riga na jan ƙasa, gemun auduga, gilashi mai ido ɗaya. A kansa kuma, ta sauko har kunnuwa, hula mai ruwan toka. Ya yi gyaran murya, ya goya hannu a baya, ya ce, "A bisa binciken masana na Gabas da na Yamma…" Duk ɗan Kazaure da ke zauren ya waiwayo ya dube ni.

Purity ce jikar tsohon. Duk wanda ya shigo ya ce mata yaya sunanki, ko kin ci abinci, kafin ta buɗe baki tsoho ya tare: "Tana godiya, za ta yi tunani!" Zaure ya kece. Hajiya ta cusa fuska a mayafi tana dariya, can kuma na ga ba dariya ba ce.

Ni muryar tsohon nake saurare, muryar Bahijja. Ta cika zauren har bangon baya, ba rawa, ba sarƙewa, tana jero jimlolina dogaye ba ta yar da ko harafi ba. Ashe duk shirun nan ji take yi.

A ƙarshe jikar ta ja rigar tsohon, ta ce, "Kaka, bar ni in faɗa da kaina." Na sunkuyar da kai, ina jiran a yi masa ihu. Amma tsohon sai ya cire hular, ya ɗora mata a kai a hankali, ya ce, "To, faɗi. Ina ji." Da wannan aka rufe.

Aka kira ni jawabi. Takarduna na aljihu, kuma a can suka kwana. Na ce Allah Ya saka wa malaman nan da alheri. Na ce wannan hular tawa ce. Na zauna. An ce ba a taɓa tafa mini kamar yau ba, abin da nake ganin akwai rashin adalci a cikinsa.

Litinin, 25 ga Agusta

Ra'ayina a kan sansanin hutu yana nan yadda yake. Na tambayi Malama Martina lokacin na baɗi ne kawai don in shirya hujjojina da wuri.

Hula ba ta dawo kan ƙusarta ba. Da safe aka turo mini ƙofa ba durƙuso: "Tsoho Mai Dogon Bayani, shayinka na hucewa." Na sanar da ita cewa za mu haɗu gaban alƙali.

Muna tsakar gida Sama'ilu ya kawo wanki, ya ga hular a kan Bahijja, ya dube ni. Ya ce, "Bahijja, yaya Roni?" Na buɗe baki. Sai na tuna shayina na hucewa, na kai kofin baki.

Shayin ya ƙare tuntuni, amma ban sauke kofin ba sai da ta kai aya.