Kurayen Simiyu a Gidan Tarihi

Nairobi, ranar Laraba

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya masara, ruwa ya sauka a Bungoma kuwa?

Mama, har yanzu babu labarin ɗanki Simiyu. Tun ranar da mutanen nan suka tura shi cikin mota marar lamba, na zaga ofisoshin 'yan sanda da asibitoci, har ɗakin ajiye gawa na shiga. Kowa sai ya ce ba ya wurinsu.

Amma jiya Khaemba, abokinsa da suke zanen bango tare, ya zo rumfar da nake sayar da shayi. Ya ce wani gidan tarihi ya ciro ƙyauren shagon nan da Simiyu ya zana 'yan majalisa a kai, a siffar kuraye sanye da kwat suna yagar tuta. Ranar Asabar za su nuna shi tare da zane-zanen wasu. Manya za su zo, da 'yan jarida. Na ba da an buga mini hotonsa a jikin riga. Idan suka ga fuskarsa kusa da aikinsa, ai dole wani ya yi magana.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Nanjala

Nairobi, ranar Lahadi

Mamata,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu Barasa da yara. Allah ya ƙara miki sauƙi.

Na je. Wurin sanyi ƙalau, ƙasa tana ƙyalli, har na ji kunyar takalmina. Can na hango ƙyauren, an haska shi da fitilu, an kewaye shi da jar igiya. Har tabon fentin da ya zube masa a gefe yana nan. Na miƙa hannu zan taɓa, mai gadi ya ce ba a taɓawa. A ƙasa an rubuta wai ba a san wanda ya zana ba.

Mutane suna ta dariya, Mama. Zanen kam da ban dariya, ni ma na yi dariya ranar da ya gama shi. Sai ga ɗan majalisar da Simiyu ya mayar babbar kura ya shigo da mutanensa. Ya tsaya a gaban ƙyauren, ya shafa cikinsa, ya ce, "Yaron nan ya kyauta mini, ya rage mini tumbi!" Aka fashe da dariya. Ya rungumi matarsa, aka ɗauke su hoto.

Ban san lokacin da na tsallake igiyar ba. Na buɗe mayafina don su ga rigar, na ce, "Sunansa Simiyu! Ƙanina ne! Ina kuka kai shi?"

Sai wata mata mai gilashi ta soma tafi, saura suka bi ta. Sun zaci wasan kwaikwayo ne aka shirya. Wani saurayi ma ya ce in maimaita, wayarsa ba ta ɗauka ba. Shi kuwa ɗan majalisar ya dafa kafaɗata, ya ce wa 'yan jarida, "Kun gani? A ƙasar nan kowa yana faɗin abin da ke ransa." Suka wuce ɗakin cin abinci.

Mai gadin ne ya fitar da ni. A bakin ƙofa ya ce, "'Yar'uwa, cire rigar nan kafin ki shiga motar matatu. Akwai masu kallonki." Khaemba bai zo ba, wayarsa a kashe take tun jiya. Yau na duba jarida, hoton ɗan majalisar ne da matarsa. An yanke ni, gefen hannuna kawai ya fito.

Mama, na gaji. Idan dattawa suka zo da maganar a binne itacen ayaba a madadinsa, kamar yadda ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba, kada ki kore su. Ki ce su haƙa kusa da kabarin Baba. Zan zo da rigar, a naɗe itacen da ita.

Taki,
Nanjala