Ajin Hanan Ya Sauko Ƙasa

Litinin, 15 ga Satumba, 2025
Sun ƙi karɓar 'yata Hanan a makarantar bayan layinmu. Wai aji huɗu a saman bene yake, mai tafiya da sanduna ba za ta iya hawa ba. Na yi godiya na fito. Godiyar me, oho. 

Talata, 16 ga Satumba
Anti Gloria, maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan mai aiki a sakatariyar Tarauni, ta ga Hanan tsakar gida da rana tsaka. Ta turo kekenta na guragu har ƙofar ɗakina. Da ta ji labari ta ce, "Maman Hanan, ba alfarma kika je nema ba." Wai Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2010, har an yi doka daga baya. Na ce takardar Abuja ina ruwanta da unguwarmu Gyadi-Gyadi? Dariya kawai ta yi. Jibi za mu koma tare.

Laraba, 17 ga Satumba
Baban Hanan ya ce kada mu jawo surutu. Raina ma haka ya fi so.

Alhamis, 18 ga Satumba
Matar nan!
Matakala uku ce a ƙofar ofishin hedimasta. Masu gadi suka zo za su ɗaga ta, ta ce a'a, shi ya fito. Ya fito kuwa, aka tsaya cikin rana, iyaye na kallo. Ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita ko muryarta ba ta ɗaga ba. Ta ce ƙasar da ta amince yaro irin Hanan ya yi karatu tare da sauran yara, wannan makarantar a cikinta take. Ya ce ba su da halin gyaran gini. Ta ce, "Malam, ban ce a taɓa bene ba. Aji nawa ne a ƙasa?" Ya ce zai tuntuɓi mai makarantar.
A adaidaita ta faɗa mini ashe ita ma ta ji tsoro. Ta ce kullum haka take ji, ba a sabawa.

Litinin, 22 ga Satumba
Aji huɗu ya sauko, aji shida ya hau. Hanan ta dawo da tawada har a hanci.

Asabar, 4 ga Oktoba
Bikin Nafisa ƙanwar Baban Hanan a Darmanawa. Na saba barin Hanan a gida, saboda cunkoso. Yau dai na ɗaura mata ɗankwali muka tafi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, 'yar waye?" Na ce tawa ce, aji huɗu take.
Kila na ɗan ɗaga murya.