Hayaƙi Ne, Ba Hadari Ba

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma ni za ka miƙo wa, ka ce in karanta a hankali, in bar gudu kamar mai labaran rediyo.

Gida lafiya. Mama na fama da gwiwarta, amma ba mai hana ta zuwa Kasuwar Kure. Yaya Ɗanladi ya gyara rumbu, sai dai a karkace yake. Da ka gani da ka sha dariya.

Na fara aikin binciken nan a jami'a. Kullum da rana tsaka, lokacin da tauraron ɗan'adam ke wucewa ta saman Minna, sai in hau bene in dubi sama, in rubuta abin da idona ya gani, in kwatanta da hoton da ya ɗauko. Ka san me muke nema? Wuraren da na'urar ke ganin hayaƙin ƙonan gona ta ce girgije ne. Aikinka na duban sama dai aka ba ni, Baba, aka haɗa mini da kwamfuta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An yi ruwa sau ɗaya ran Talata, maƙwabtanmu a Tagwai har sun fara shuka masara. Mama kuwa ta ce ba mai taɓa iri sai da izinina. Ni, Baba?

Ka tuna shekarar da nake ajin ƙarshe? Na zo da hoton tauraron ɗan'adam da na bugo a shagon intanet, wani farin abu ya rufe kudancinmu a ciki, na ce ruwa na hanya. Ka ɗaga kai, ka ce da Hausarka ta Gbagyi wannan hayaƙi ce, hadari ba ta zo ba. Maimakon in saurara, sai na tsaya gyara maka magana, wai hadari namiji ne. A gaban mutane fa! Washegari ka shuka, don kar a yi wa 'yarka ta jami'a dariya. Kwana ashirin ko ɗigo babu, iri ya ƙone a ƙasa. Duk wanda ya tambaya sai ka ce kai ne ka yi gaggawa. Me ya hana ni buɗe baki? Kunya ce da girman kai, ba wani abu ba. Ka yafe mini.

Jiya na je gonar. Na duba hotuna, na kuma tona ƙasa da hannu, danshin bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Na ce a jira. Yaya ya ɓata rai, Mama ta mayar da irin cikin tukunya. In ruwa ya ɗore mun makara, abincin shekara ne kuma.

Tsoro nake ji, Baba. In na yi kuskure bana, babu wanda zai ce shi ne ya yi.

Allah ya ba ka hutawa. Sai mun zo.

'Yarka mai taurin kai,
Laraba