Watan da Baba Bai Gani Ba

Fakku, 3 ga Sha'aban

Zuwa ga maiɗakina Rauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Anisa da Ziyad. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana taka ta zuwa masallaci. Amma ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Abin da ke raina ba na waya ba ne.

Kin san shekara arba'in ke nan Baba ne mai duban wata a garin ga. In shi Malam Na'Allah ya ce wata ya tsaya, Maigari ba ya neman wani shaida. Ran Talata da magariba muka hau tudun bayan gari, ya nuna saman giginya ya ce ga jinjirin Sha'aban. Na duba har idona ya kawo ruwa, ban ga komai ba. Kuma a littafin nan nawa da kike wa dariya, na rubuta cewa da asubar ranar na ga tsohon watan a gabas, siriri kamar yankan farce, ƙarfe shida saura kwata. Baba da kansa ya koya mini cewa ranar da ka gan shi da asuba, kada ka neme shi da yamma. Sai ran Laraba kowa ya gan shi, rediyo ma haka ta faɗa.

Wataƙila ni na rikita kwanan a rubutu, na sha yi. Amma azumi na tafe, kuma bakin Baba mutane za su duba.

Ki gaishe da yara. Naki,
Siddiƙ

Fakku, 15 ga Sha'aban

Rauda,

Sallama da fatan alheri. Yaya tarin Ziyad? Yajin da kika aiko ta hannun Almu direba ya iso, Baba ya sa miki albarka.

Ina bin watan kullum. Ran bakwai magariba ta same shi a tsakar ka, rabi daidai. Jiya kuwa ladan na ɗaga murya yana fitowa daga gabas, jawur, cikakke. Muna zaune ƙofar gida Baba ya ce watan bana ya cika haske. Rauda, fitilar solar masallaci yake kallo. Watan yana bayansa. Na gyara masa tabarma kamar don iska, na juyo da shi.

Akwai fari-fari a ƙwayar idonsa. Gazali mai kemis ya ce yanar ido ce, kuma ana cire ta a asibiti. Da na kawo zancen, Baba ya ce idon da ya tsayar da azumi arba'in ba ya bukatar wuƙa, ya kuma tambaye ni ko ni da ke ɓatar da tabarau sau biyu a mako ne zan auna masa gani.

Yau Maigari ya kira ni gefe. Ya roƙe ni ran ashirin da tara in tsare Baba a gida, in ce ƙafarsa ce. Ba ya son ya ƙaryata dattijo gaban jama'a, ba ya kuma son mutane su ɗauki azumi bisa kuskure. Gaskiyarsa. To amma ta wane baki zan yi wa mahaifina ƙarya? Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Siddiƙ

Fakku, 27 ga Sha'aban

Rauda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Wasiƙarki ta zo. Kin ce in faɗa masa gaskiya kawai. Na gwada sau uku, na kasa.

Watan kullum ƙara makara yake, yana ramewa. Yau sai da muka fito sallar asuba na same shi ƙasa-ƙasa a gabas. Da hantsi na ɗauko littafin, na karanta wa Baba fitowarsa da faɗuwarsa tun daga waccan asubar Talata, ban tsallake ba. Ya daɗe yana jan tasbaha. Bai yi faɗa ba, bai gyara mini ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, gobe da jibi in sake duba gabas in faɗa masa.

Ban san ko ya gane ba. Ban san ko na kyauta ba.

Naki,
Siddiƙ

Fakku, 1 ga Ramadan

Maman Anisa,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Allah ya sa kun ɗauka lafiya.

Asuba biyu gabas ba wata, na faɗa masa. Jiya kafin in buɗe baki da maganar ƙafa, har ya sa babbar rigarsa ya riƙe hannuna. Maigari ya kalle ni a kan tudu, na sunkuyar da kai.

Da rana ta faɗi, Baba ya tambaye ni ta wane gefen giginya ta faɗi. Na ce dama. Ya kama kafaɗuna ya juya ni, ya ce in ɗaga ido tsawon sanda, in karkata hagu kaɗan, in daina ƙifce-ƙifce kamar mai neman allura. Sai ga shi. Na rufe ido na buɗe, don kin san ni. Yana nan. Na matse hannunsa.

Kowa Baba yake jira. Ya ɗaga murya ya ce: “Jama'a, ni ban ganai ba. Na Sha'aban ma ban ganai ba, Allah shi gafarta min. Ku tambayi Siddiƙ.”

Na ɗaga hannu na nuna. Mutum uku suka gani bayana, Maigari ya karɓi shaidarmu ya aika gaba.

A hanyar gida ya sa na kwatanta masa shi, ƙahonnin sama, ɗan jirkice. Ya ce haka ya zata. Ya kuma ce bayan Salla zai biyo ni gidanmu na Tambuwal a duba idon, in dai kin yi alkawarin fura mai nono. Ki share ɗakin zaure.

Ya umarce ni in rubuta lokacin a littafina. Rauda, ban duba agogo ba.

Mijinki mai kewarki,
Siddiƙ