Ƙwallayen da Aka Gasa a Garejin Ras Al Khor

Daga:
Hajiya Asama'u Bashar Gwammaja,
Kyaftin ta Sashen Mata na Wasan Bolin,
Kasuwar Yadi, Bur Dubai.

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Idris Ɗantani,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Fataken Al Ras,
Deira, Dubai.

Litinin, 22 ga Yuli, 2024 (16 ga Muharram, 1446)

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LALATA ƘWALLAYEN SASHEN MATA DA SAKATAREN WASANNI YA YI, DA KUMA ƊORA LAIFIN A KAN WANDA BAI JI BA BAI GANI BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Shugaba yana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan Malam Halliru Kamal, Sakataren Wasanni na wannan ƙungiya. Na san ƙanin matarka ne. Na kuma san ka da adalci, shi ya sa na rubuto maka maimakon in kai maganar wani wuri.

Tun da Shugaba bai taɓa zuwa kallon wasanmu ba, ya dace in fara da ɗan bayani. Layin katakon da ake gara ƙwallo a kai, ana shafa masa mai. Ƙwallon kirki yana shan wannan mai a hankali, sai ya kai lokacin da ya ƙoshi, ya daina lanƙwasa idan ya kusa kwalaben da ake son kayarwa, ya riƙa sulɓewa kawai. Idan haka ta faru sai a fitar masa da man. Ana sa shi a na'ura mai ɗumi daidai gwargwado, ko a toshe ramukan yatsu a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ana cirewa ana gogewa har ya daina tsatsafo da mai. Aiki ne na haƙuri. Zafin da ya wuce misali yana fasa ƙwallo. Duk macen da ta yi wata uku a sashenmu ta san wannan. Sakataren Wasanni, mai shekara huɗu a kan kujera, bai sani ba.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. A ranar Litinin, 8 ga Yuli, na sanar da Sakatare cewa ƙwallayenmu guda shida na buƙatar cire mai kafin gasar da za mu yi da matan Zongo na Ghana ranar 21 ga wata. Na gaya masa mun riga mun shirya da Malam Abdul-Mumuni, ma'aikacin gidan bolin da muke atisaye, wanda shekara uku ke nan yana yi mana wannan aiki ba tare da ko ƙwarzane ba. Sakatare ya hana. Ya ce na'urar Abdul-Mumuni tsohon yayi ce, tana cin kwana biyu, shi kuwa yana da hanyar zamani da za ta gama cikin awa ɗaya. Da na nemi sanin hanyar, ya ce in bar wa maza harkar injiniya. Ina roƙon a rubuta cewa iyakar injiniyancin Malam Halliru da muka sani shi ne sayar da fitilun mota na gwanjo.

2. A ranar Laraba, 10 ga Yuli, ba tare da sanina ba, ya buɗe akwatin ajiyarmu da makullin ƙungiya, ya kwashe ƙwallayen zuwa garejin abokinsa a Ras Al Khor. A can ya jera su a ɗakin da ake gasa fentin motoci, kusa da wata jif da aka fesa wa ruwan azurfa, aka rufe ƙofa aka kunna wuta. Da ya ga mai yana zuba daga jikinsu, sai ya sa aka ƙara zafi. Da ya fito da su, hannu ba ya iya taɓawa, sai ya tsoma su a durom ɗin ruwan sanyi don su yi saurin hucewa. Ko yarinyar da aka fara koya wa girki ba za ta sauke tukunyar ƙasa daga wuta ta jefa a ruwan ƙanƙara ba.

3. Huɗu sun tsage daga ramin babban yatsa har zagaye. Ɗaya ya ɓare kamar dafaffen ƙwai. Na shidan, wato nawa, ya rabe gida biyu.

Ba na son in tsawaita a kan nawa, amma wajibi ne Shugaba ya sani. Na marigayi maigidana ne, Alhaji Shu'aibu, wanda kuka yi shekaru kuna lodin kwantena tare. Bayan rasuwarsa na yi wata bakwai daga shago sai gida, har likita ya ce hawan jinina ba zai sauka da ƙwaya kaɗai ba, sai na riƙa motsa jiki ina shiga mutane. Abdul-Mumuni ne ya toshe ramukan yatsun marigayi, ya auna hannuna ya huda sababbi, ya bar sunan Alhaji da ke rubuce a jiki bai goge ba. Tsagar ta bi ta tsakiyar sunan. A wannan gaɓa ba na neman komai daga wurin kowa.

4. Maimakon ya zo ya faɗi abin da ya yi, Sakatare ya mayar da ƙwallayen cikin jakunkunansu, ya zuge, ya kulle akwati, ya yi shiru. Ranar Juma'a, 12 ga wata, muka zo atisaye muka tarar da su haka. Yana tsaye a wurin yana salati fiye da kowa, har yana tambayar ko wani ya shiga akwatin.

5. Wannan shi ne mafi muni, kuma shi ne ainihin dalilin wannan takarda. A ranar Asabar, 13 ga wata, Sakatare ya je wurin manajan gidan bolin da takarda mai ɗauke da hatimin ƙungiyarmu, ya ce Abdul-Mumuni ne ya wanke ƙwallayen da wani sinadari mai ƙarfi. Manajan bai san Hausa ba, bai san Halliru ba, hatimi kawai ya gani. An dakatar da Abdul-Mumuni daga aiki, an ce ranar Alhamis, 25 ga wata, za a yanke hukunci. Shugaba ya fi ni sanin ma'anar rasa aiki a ƙasar nan: biza ta tafi, zama ya ƙare. Mutum ne mai shekara arba'in da shida, da mata da 'ya'ya huɗu a Kumasi, da mahaifiya da ke kwance. Na same shi ranar Lahadi, 14 ga wata, a masaukinsa na Al Ras ya fara ɗaure kayansa. Bai zagi kowa ba. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, kada in ɗauka shi ne ya fasa ƙwallon Alhaji.

6. Hujjojina ba masu wahala ba ne, domin Sakatare da kansa ya tanadar mana su. Na farko, akwai ɗigon fentin azurfa a jikin ƙwallaye uku, kuma har yau jakunkunan warin tinar da ake tsinka fenti da ita suke yi. Gidan bolin ba ya fesa motoci. Na biyu, a ranar da abin ya faru, Malam Halliru ya ɗauki bidiyon kansa a bakin ɗakin gasa fentin, da gilashi a ido, yana nuna ƙwallayenmu ta taga, yana cewa ga fasahar da ko Turawa ba su gano ba, awa ɗaya khalas, wato an gama. Ya sa a shafinsa na WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, ya goge kafin azahar. Hajiya Ummulkhair, mataimakiyata, ta riga ta adana shi. Ba ta lura cewa ƙwallayenmu ne ba sai da muka ga fentin. A kan cewa Turawa ba su gano wannan fasaha ba, na yarda da shi.

7. Na kira Sakatare ranar 16 ga wata, na gaya masa bidiyon yana hannunmu, na ba shi dama ya je ya gyara maganarsa da kansa. Ya ce in bi a hankali, shwaiya shwaiya, ai Abdul-Mumuni ba ɗan ƙungiya ba ne, ba ma ɗan ƙasarmu ba ne, zai sami wani aikin. Ya ƙara da cewa bai kamata in tozarta ɗan'uwana Bakano saboda ƙwallon roba ba. Tun daga ranar bai sake ɗaga wayata ba.

8. Jiya Lahadi muka buga gasar da ƙwallayen haya, irin waɗanda kowane ɗan yawon buɗe ido ke cusa wa yatsu. An cinye mu wasa uku a jere. Kyaftin ɗin matan Zongo, Hajiya Hamamatu, wadda ta san abin da aka yi wa ɗan garinsu, ta zo da kanta ta ba ni aron ƙwallonta a wasa na ƙarshe. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Sakataren Wasanni bai halarta ba, ya aiko cewa yana fama da mura.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) Ya rubuta wa manajan gidan bolin takarda da sa hannunsa, a janye zargin, kafin ranar Alhamis.

(b) Ya umarci Malam Halliru ya nemi gafarar Malam Abdul-Mumuni baki da baki, a gaban waɗanda ya yi masa ƙazafi a gabansu.

(c) A karɓe makullin akwatinmu da hatimin ƙungiya daga hannunsa, kuma ya maye wa mata biyar ƙwallayensu, a huda wa kowace daidai hannunta. Abdul-Mumuni ne zai huda.

(d) Kwamiti ya duba ko akwai wani muƙami da ya fi dacewa da baiwar Malam Halliru, wanda babu wuta ko makulli a cikinsa.

Ba na fatan a ce matar marigayi Alhaji Shu'aibu ta tsallake shugabanninta. Zan jira har azahar ɗin Laraba. Idan ban ji komai ba, zan hau kwale-kwalen abra in tsallako ruwa, in ɗauki Hajiya Ummulkhair da wayarta, mu je wurin manajan mu kunna masa bidiyon, in fassara masa kalma bayan kalma. Na fi son ya ji gaskiya daga bakin ƙungiya, amma ko ta yaya zai ji ta kafin Alhamis, in Allah ya yarda.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya sa ya gama lafiya.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Hajiya Asama'u Bashar Gwammaja
Kyaftin, Sashen Mata

Kwafi zuwa: Ma'ajin takardun ƙungiya, Hajiya Ummulkhair, Mataimakiyar Kyaftin.